Ranar Da Na Kashe Musu Inji a Dubai

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Sabi'u, yaya Dubai?" In na ce lafiya lau, a ce ina rowar labari. Wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin wai na yi ɓarna a can, har an fara ƙara wa maganar gishiri. Jiya wani ya tare ni a bakin masallaci yana yi min jaje, wai ya ji na kashe wutar Dubai gaba ɗayanta. Kai jama'a! To ba haka aka yi ba. Bari in faɗa da bakina sau ɗaya kowa ya huta.

Wanda bai san ni ba, shekarata goma sha tara ina riƙe da janaretan benen Hajiya Balaraba, mai shaguna hawa uku da ɗakin sanyi na kifi a ƙasa. Aikina guda biyu ne: in an ɗauke wuta in tayar, in an kawo in kashe. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san babban laifi ba inji ya ƙi tashi ba ne. Babban laifi a kawo wuta, injinka yana nan yana zuƙar mai. Na sha barin kwanon abinci a buɗe. Na taɓa barowa daga wurin wanzami da rabin aski ina gudu, saboda na hango ƙwan lantarkin shagon tela ya kama.

To sai Hajiya ta sayi sabon inji mai amfani da gas, wanda aka ce bayan wuta har sanyi zai riƙa ba wa benen. Ta kira ni ofis, ba ta ɓoye min komai ba.

"Malam Sabi'u, kamfanin sun ce ba za su ba da garanti ba sai mai riƙon injin yana da takardarsu. Na ce musu ina da mutum. Za ka je Dubai sati biyu a koya maka. In ka dawo da takarda, aikinka ne. In ba ka dawo da ita ba, za su turo nasu, ni kuma ba zan iya riƙe masu inji biyu ba."

Na ce, "Hajiya, in sha Allahu ba zan ba ki kunya ba." Bakina ne kawai ya faɗa. Ni da na bar makaranta a aji uku na sakandare, ga 'ya'ya shida.

Hadiza, uwargidana kuma ita kaɗai, ta haɗa min kaya sai ka ce sahara zan ratsa a ƙafa: kilishi, dambun nama, kwalbar yaji cike taf. Jirgi ya yada zango a Habasha, muka yi awa huɗu a kan kujerar ƙarfe. Da muka sauka Dubai aka ce in kalli wata na'ura ta ɗauki idona. Na zaro ido iyakar ƙarfina har ma'aikacin ya ce, "Shuwayya, shuwayya, habibi," wato in sassauta. A wurin duba kaya kilishi da dambu suka yi sallama da ni. Kwalbar yaji kuwa wani jami'i mai farar jallabiya ya ɗaga ta yana juyawa, ya tambaye ni mene ne. Na yi ta nuna baki ina cewa abinci ne. Bawan Allah ya buɗe ya kai hanci. Atishawa biyar na ƙirga. Ya rufe, ya miƙo min da hawaye a idonsa, ya ce, "Yalla," wato in wuce.

Ina fita waje zafi ya mare ni. Na ɗauka mu Kanawa mun gama sanin zafi, ashe wasa muke. Wannan irin wanda kake ji ne in ka tsaya a bayan salansar janareta, ga kuma laima da ke manna maka riga a jiki.

Masaukina a Al Ras yake, tsohuwar unguwa a bakin ruwa, lungu-lungu, ko'ina ƙanshin kayan yaji da turare. Ɗaki ɗaya, gado huɗu, biyu a kan biyu. A ƙasana akwai Alhaji Mamman, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya zo loda kwantena. Shi ya cece ni daga ƙonewa. Na shiga wanka na murɗa famfon sanyi, sai ga ruwa kamar na fige kaza. Na yi ihu. Ya ƙwanƙwasa ƙofa yana dariya.

"Bon, Malam, murɗa jan famfon, na ruwan zafi! Tankin na saman rufi, rana ta dafa shi. Na ja kuwa mun kashe hita, ruwan cikinsa ya huce. Voilà."

A garin nan famfon zafi shi ke ba da sanyi a lokacin bazara. Alhaji Mamman ne kuma ya yi ta tsokanata don ya ga tocila a ƙarƙashin matashina, ga wayata kullum a jone ko da ta cika. Ya ce shekara da shekaru yana zuwa bai ga wuta ta ko ƙifta ba. Na ce na ji, amma ban cire cajin ba.

Da safe wata gurasa ce wai ita farata, da shayin da suke kira karak, mai kauri da zaƙi, wannan kam na yaba. Da rana shinkafa, da yamma shinkafa, gobe ma shinkafa ta sake launi ta dawo. Yajin Hadiza ya yi aiki. Jirgin ƙasansu ba direba, kuma ranar farko na faɗa tarago na ga wuri fayau, na ce kai, yau na yi sa'a. Sai na lura kowa mace ce, kuma kowa ni take kallo. Wata dattijuwa ta nuna min layin da aka ja a ƙasa. Na tsallaka da sauri na koma cikin maza muka matsu kamar kifin gwangwani.

Wurin koyon yana Al Warsan, can bayan gari cikin manyan sito-sito da gidajen leburori. Mai gadin ƙofa ya dubi fasfona ya ce, "A'a! Bakano ne? Sannu da zuwa, cale!" Razak ke nan, ɗan Zangon Kumasi, shekararsa bakwai a wurin. Cale ɗin nan a bakinsu aboki ke nan. Wallahi da na ji Hausa a bakinsa kamar in rungume shi. Mu tara ne a aji, akwai 'yan Masar, ɗan Kenya, 'yan Bangaladash. Malaminmu Mista Tomas, wani ɗan guntun Ba'indiye mai furfura a gashin baki, ba ya ɗaga murya kuma ba ya murmushi. Shi ke sa hannu a takarda.

Ranar farko ya yi ta zuba Turanci yana kaɗa kai yana zane a allo. Ga sanyin ajin ya shige min ƙashi. Na tsinci inji, na tsinci gas, na tsinci zafi da sanyi, sauran kuwa ya bi ta saman kaina. In ya dube ni sai in gyaɗa kai. A zatona duk maganar wani ƙaton wuri yake yi a cikin gari, wanda aka ce za a kai mu daga baya.

Rana ta biyu, bayan azahar, kowa ya tafi cin abinci. Ni kuma kunnen mai inji ba ya hutu. Tun jiya nake jin wani gurnani a bayan ginin, sai na bi shi. Na tarar da ƙofa a buɗe, mai shara ya tokare ta da bokiti. Ga inji nan kore, tsaf-tsaf, ko ɗigon baƙin mai babu. Na tsaya ina sha'awarsa. Sai idona ya kai kan allon makunnai. Fitilar da ke nuna wutar gari tana ci, mita ta nuna wuta cikakkiya. Inji kuma yana ta zuƙar gas, ba kowa a wurin.

Na tausaya wa mai riƙon injin. Na ce wayyo, ɗan'uwa ya tafi cin abinci an kawo wuta bai sani ba. In ogansa ya leƙo, yau ya bar aiki, ga shi a ƙasar mutane. Na leƙa waje, na ɗan jira, shiru. Na ce to, mai inji ai shi ke rufa wa mai inji asiri. Na sauke masa lodi a hankali, na bar shi ya yi minti biyar yana hucewa kamar yadda ya kamata, sannan na kashe. Ko ƙwai ɗaya bai ƙifta ba. Na goge hannu na tafi wurin abinci ina jin na yi aikin lada.

Ban kai loma biyar ba wayar Mista Tomas ta yi ƙara. Ya duba, ya ajiye cokali, ya fita da gudu. Dattijon da ko tafiya a ƙirge yake yinta! Can sai na ji iskar da ke busowa daga rufi ta fara ɗumi. Mutane suka fara fifita da faranti. Cikin rabin awa ɗakin ya zama gidan burodi.

Razak ya zo ya zauna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, na ga ka fito daga ɗakin inji kana goge hannu."

Na ce, "E, na taimaki mai wurin ne. An kawo wuta ya bar inji a kunne."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Cale, injin nan ba don an ɗauke wuta yake aiki ba. Zafinsa ne ke ba mu sanyi, mu da siton da ke maƙwabtaka. Ka san abin da ke cikin siton? Cakulan da dabino, maƙil."

Na ture farantin gefe.

Ya ce, "Kuma sun ƙi tayar da shi, don ba su san abin da ya kashe shi ba. Ga su can suna kwance shi suna neman cutar da babu. Mai duba kyamara sai la'asar zai zo. Kafin nan cakulan ɗin mutane ya zama kunu."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. Na ga fuskar Hajiya, na ga wani baƙo zaune a kan kujerata a ɗakin inji. Amma mutum uku suna can a durƙushe cikin wannan zafi saboda ni. Na ce wa Razak ya zo ya yi min tafinta, don Turancina ya gudu.

Mista Tomas yana riƙe da sifana, rigarsa sharkaf. Ya saurara har Razak ya gama. Ya dube ni ya ce, "Me ya sa?"

Na nuna fitilar na ce, "Akwai wuta."

Ɗan Kenya da ke bakin ƙofa ya fashe da dariya, ya ce wallahi shi ma jiya hannunsa ya yi ƙaiƙayi. 'Yan Bangaladash suka gyaɗa kai, su ma sun san zancen. Mista Tomas bai yi dariya ba. Ya sa aka mayar da abin da aka kwance, aka tayar da inji. Sai da aka kusa awa biyu sanyi ya dawo sosai. Allah Ya rufa asiri, cakulan bai narke ba, amma mai siton ya zo ya zazzaga masifa da Larabci, kuma Mista Tomas ne ya tsaya ya shanye ta. Da mutumin ya tafi, ya juyo gare ni.

"Takardar nan ma'anarta na yarda in bar maka inji in tafi gida. Yau ban yarda ba."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Washegari ya kama ni a wuyan hannu kamar ɗan firamare, ya kai ni bayan injin. Ya nuna min inda hayaƙi da ruwan zafin inji ke bi ta bututu, maimakon a sake su a iska kamar yadda muke yi. Muka bi bututun har wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Ya sa na matso da hannu ta nan, zafi. Ya zagaya da ni ɗaya gefen ya ɗora tafina a wani bututu, sanyi ƙarara har da raɓa. Na tsaya baki buɗe. Sai na tuna firijin asibitin ƙauyenmu na da, mai aiki da kananzir, wuta na ci a ƙasa, ƙanƙara na daskarewa a sama. Na faɗa wa Razak ya faɗa masa. Mista Tomas ya ɗaga gira ya ce, "Shi ne. Wannan babbansa ne kawai." Daga wannan rana karatu ya fara shiga, domin na daina gyaɗa kan ƙarya. In ban gane ba sai in ɗaga hannu, ko da aji zai yi dariya.

Sai dai na yi rantsuwa tsakanina da Allah: ba zan sake taɓa makashin inji ba har in bar ƙasar nan. In mun shiga ɗakin, hannuna biyu a aljihu. Razak ya raɗa min suna Sarkin Kashewa, har masu shara suka ɗauka.

A sati na biyu aka kai mu cikin gari inda dogayen benaye suke. Abin da na fara lura da shi, ba ka ganin akwatunan na'urar sanyaya ɗaki a rataye a bango kamar namu. Aka shigar da mu wani gini mara taga, daga waje ka ce ofis ne. Ciki bututai ne waɗanda mutum zai shiga a sunkuye. A nan ake sanyaya ruwa, a tura shi ta ƙarƙashin titi zuwa benaye, ya ɗebo zafinsu ya dawo a sake sanyaya shi. Unguwa guda tana shan sanyi daga wuri ɗaya, kamar yadda muke ɗiban ruwa a rijiyar burtsatse ɗaya. Jami'in wurin yana bayani, ɗan Kenya ya raɗa min, "Don Allah nan kada ka taimaki kowa."

Ranar hutu Alhaji Mamman ya sa ni a kwale-kwalen katako muka tsallaka ruwa muka dawo, sannan ya kai ni wani bene inda wata Bakanuwa ke tuƙa tuwo a falonta. Tuwon shinkafa da miyar kuka, a Dubai! Na ci har na ji kunya. Ina cikin ci Hajiya ta kira.

"Malam Sabi'u, komai lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya."

"Takarda fa?"

"Tana tafe, in sha Allahu." Tuwon bai ƙara yi min daɗi ba.

Ranar ƙarshe gwaji ne a gaban inji, ɗaya bayan ɗaya. Wani a ce ya tayar, wani ya canja matatar mai, wani ya karanta mitoci. Takwas suka shiga suka fito da takardunsu. Ni aka bari ƙarshe. Mista Tomas ya ajiye min kujera a gaban allon makunnai, inji na aiki, fitilar wutar gari na ci. Ya ce, "Zauna. Injinka ne." Ya koma jikin bango ya harɗe hannu. Razak yana bakin ƙofa.

Na ce a raina, na gane, so yake ya ga ko zan iya zama ban taɓa ba. Ai ko shekara ce zan zauna. Na cusa hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Minti goma, ba abin da ya faru. Sai na ga allurar zafin ruwan inji ta ɗan motsa. Na ce ƙila idona ne. Ta ƙara hawa. Na kasa kunne, inji lafiya lau yake kuka, amma ƙarar famfon da ke zagaya da ruwa ta ɓace. Ruwa ya tsaya, inji yana dafa kansa.

Na juya na ce, "Oga, zafi yana hawa!"

Ko motsi bai yi ba. Na dubi Razak, ya ɗauke kai yana kallon rufi.

Na danna makunnin famfo na biyu, bai tashi ba. Na rage lodi, allura ta ci gaba da hawa. Abu ɗaya ya rage, shi ne abin da na rantse ba zan yi ba. In na kashe kuma ya zamana kuskure ne, sau biyu ke nan, ba wanda zai ba ni takarda ko da Hajiya ce ta zo da kanta. In na bari, ina zaune a kan kujera inji zai ƙone a gabana. Shekara goma sha tara inji bai taɓa ƙonewa a hannuna ba. Na ce, Allah Ka gani, in aikin ne ya tafi, ya tafi. Na miƙe na yi bisimilla na danna.

Inji ya mutu, ɗakin ya yi tsit.

Mista Tomas ya tako a hankali, ya dubi allurar, ya dube ni. Ya ce wa Razak, "Gaya masa ni na tsayar da famfunan. Saura kaɗan injin ya kashe kansa da kansa. Da injin ya riga shi, da ban sa hannu ba." Ya zaro biro daga aljihu. "Ranar nan na duba kyamara, na ga yadda ya sauke lodi ya bar shi ya huce. Na san ya iya inji. Tsorona kada in mayar wa matar da ta turo shi mutumin da na tsoratar har ya kasa kashewa."

Ya ɗora takardar a kan murfin injin, da sauran zafinsa, ya sa hannu. Razak yana ta faɗin, "Halas! Halas, cale!" wato an gama. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, gardi da ni, a gaban Ba'indiye, kuma ban ji kunya ba. Ya miƙo min. Na sa hannu biyu na karɓe ta.